A-kori-kura da Tirela: A Fara Auna Kaya Kafin a Tambayi Inji



'Yan uwana mazauna kudu, na Sabon Ibadan da Shasha, da Agege da Mile 12, da Shagamu, da Onica, da Lokpanta, har zuwa Fatakwal, barkanmu da war haka. Yau ina so ne in tsoma baki cikin wata muhawara da ta daɗe tana zagaya majalisunmu, musamman idan babbar sallah ta ƙarato, ko kakar albasa da tattasai ta kama. Duk wanda Allah Ya buɗa masa, ya gaji da biyan kuɗin haya da jiran direban da ba ya cika alkawari, sai ka ji ya ce zai sayi a-kori-kura tasa ta kansa, ya ƙulla mata 'yar ƙaramar tirela a baya, ya riƙa jan ragunansa ko buhunansa ko janareto ko dawakin maigidansa. Da ya faɗi haka sai majalisa ta rabu biyu, waɗannan su ce ya sayi mai fetur, waɗancan su ce mai gas, wani kuma daga gefe ya ce ai in dai ja ake nema babu kamar manyan motocin nan na Amurka masu silinda takwas.

Ra'ayina shi ne an ɗauko zancen ta wutsiya. Inji shi ne abu na huɗu da ya kamata a tambaya. Na farko nauyin abin da za a ja, na biyu birkin da zai tsayar da shi, na uku hanyar da za a bi da makaniken da ke kanta. Wanda ya amsa waɗannan ukun tsakani da Allah, zai ga injin ya zaɓi kansa da kansa. Wanda kuwa ya fara da inji, yakan ƙare da mota mai ƙarfin tashi da kaya wadda ba ta iya tsayawa da su, kuma wannan shi ne mafi munin abin da ɗan kasuwa baƙo zai mallaka a garin mutane.

Kafin mu yi nisa, tirelar da nake nufi ba babbar tirelar nan mai ɗaukar shanu daga Maigatari ko Potiskum ba ce. Ina nufin ƙaramin bodi mai taya biyu ko huɗu, wanda ake maƙala wa mota a baya da wani dunƙulen ƙarfe mai kama da ƙwallo.

Lissafin nauyi

Mu Hausawa mun saba da a-kori-kura tun zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, kuma tun a lokacin muka ɗauki wata al'ada ta cewa mota ba ta cika sai sifirin ya kwanta. Wannan al'adar ko a bayan mota haɗari ce, balle a kan tirela. Don haka aikin farko shi ne mutum ya zauna da biro da takarda. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan tanki mai lita 1,000 tan guda ne cur, ban da nauyin tankin. Buhun hatsi mai kilo 100 guda goma sha biyar tan ɗaya da rabi ne. Idan muka ƙaddara kowane rago kilo 50, raguna ashirin tan guda ne, ban da dusa da harawa da ruwan shansu. Doki ɗaya na wasan folo yakan kai kilo 400 zuwa 500. Sannan a ɗora nauyin ita kanta tirelar, wadda idan maƙerin gida ne ya yi ta da ƙarfe mai kauri da katako, ba wuya ta kai rabin tan ko fiye tun ba a sa mata komai ba. Wanda ke kusa da wurin da ake da sikelin auna mota, irin na masu sayen tsohon ƙarfe ko na masu fasa dutse, ya kai ta a auna masa ita, wofi da kuma cike. Abin da zai biya bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Daga nan sai a koma ga motar. Kowace a-kori-kura tana da lambobi uku da kamfani ya ƙayyade mata. Akwai iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, wanda za ka ga an rubuta GVM ko GVWR a jikin wata 'yar takarda ko ƙarfe a ginshiƙin ƙofar direba. Akwai iyakar nauyin tirelar da za ta iya ja. Akwai kuma iyakar jimillar su biyun a haɗe. Dillali ba ya faɗin kowace sai ta tsakiya, domin ita ce mai daɗin ji.

Bari in ba mai karatu misali da zai nuna inda gizo ke saƙa. Hilux mai injin gas 2.8, mai ƙofa huɗu da giyar ogzilari, samfurin da aka sayar a Ostareliya daga 2020, an rubuta mata cewa tana jan kilo 3,500. To amma jimillar mota da tirela da aka yarje mata kilo 5,850 ne, ita kuma motar kanta, babu kowa a ciki, tana da kimanin kilo 2,100. Idan ka cire 3,500 da 2,100 daga 5,850, abin da ya rage kilo 250 ne kacal. Wato direba da yaron mota da wani mutum ɗaya da jakunkunansu, shi ke nan lissafi ya cika, bayan motar kuma wayam. Ke nan wanda ya cika bayan mota da buhu goma, ya zuba mutum biyar a ciki, sannan ya ƙulla tirela mai tan uku don an ce masa tana jan uku da rabi, ya zarce iyaka da fiye da rabin tan bai sani ba.

Akwai kuma nauyin da bakin tirela ke dannawa a kan ƙwallon. Abin da aka saba shi ne ya kasance wajen kashi goma cikin ɗari na nauyin tirelar. Tirela mai tan biyu tana danna kilo 200 a ƙarshen bayan mota, kuma wannan ma cikin kayan motar ake lissafa shi. Idan ya yi yawa, gaban mota ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitila ta haska sama. Idan ya yi kaɗan saboda an jibge kaya a ƙarshen tirela, da an ɗan taka mota sai tirelar ta fara lilo hagu da dama har ta kayar da motar. Shi ya sa ake cewa kashi sittin na kaya su zauna gaban tayoyin tirela, arba'in a bayansu. Dabbobi kuwa sai an yi musu shinge an raba su kashi-kashi, domin buhu ba ya motsi, amma rago yana tafiya, kuma duk kwanar da aka sha gaba ɗayansu ɓangare guda za su koma.

Shawarata ita ce kada mutum ya wuce kashi tamanin cikin ɗari na abin da kamfani ya rubuta. Dalili kuwa, lambar an rubuta ta ne don sabuwar mota a kan lafiyayyar hanya. A Amurka akwai ma'aunin da ake kira J2807, wanda a cikinsa ake sa mota ta hau wani tudu mai tsawon kimanin kilomita 18 kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, da tirela a bayanta, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya ɗaki a kunne. Gwaji ne mai kyau, amma motar da ta ci shi sabuwa ce dal daga kamfani. Tokumbo mai shekara goma sha biyar, wadda lagiretonta ya sha ruwan rijiya, tana bin ramukan hanyar Jebba zuwa Mokwa, ba ita aka gwada ba.

Birki kafin inji

A ƙasashen Turai da Ostareliya, duk tirelar da ta haura kilo 750 dole ne ta kasance da birkinta na kanta, kuma littafin Hilux ma haka yake cewa: in babu birki a tirela, iyakarta kilo 750, komai girman injin. Wannan ita ce lambar da na fi so mai karatu ya haddace. Yawancin tirelolin da ake ƙerawa a gida, ana ɗauko aksul ɗin mataccen mota ne a yi masa walda a ƙarƙashin bodi, babu birki, babu fitila, wani lokaci ko sarƙar tsaro babu. Sai a ɗora mata tan biyu a ce Hilux ce ke ja, ai babu matsala. Ja kam za ta ja. Amma birkin da aka ƙera don ya tsayar da tan uku, yanzu an ce ya tsayar da biyar, kuma biyun suna tunkuɗo shi ne daga baya.

Duk wanda ya taɓa gangara Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, ko gangaren Onyeama da ke shiga Enugu ta wajen Ninth Mile, ko tuddan Okene, ya san abin da nake faɗi. Idan direba ya dafe birki tun daga sama, birkin yana ɗaukar zafi har ya daina kamawa, man birkin da ya tsufa ya sha ruwa kuma yana iya tafasa, sai ƙafa ta nutse har ƙasa babu amsa. Maganin wannan shi ne a sauka da ƙaramar giya tun kafin gangare ya fara, inji ya riƙe motar, birki ya zama na taɓawa jefi-jefi. Amma ko da ƙaramar giya, tirela mai nauyi marar birki ba ta da amana.

Birkin tirela iri biyu ne. Na Turai yana aiki ne da kansa: da mota ta rage gudu, bakin tirela ya danno ta, wannan dannawar ce ke jan birkin. Na Amurka kuwa yawanci na lantarki ne, sai an sa wata 'yar na'ura a cikin mota mai aika masa umarni, in babu ita tirelar daidai take da marar birki. Mutane da yawa sun sayi tirelar Amurka suna murnar tana da birki, alhali wayar ko haɗa ta ba a yi ba. Haka ma girman ƙwallo: na Turai milimita 50 ne, na Amurka akwai mai inci biyu, akwai kuma wanda ya fi shi girma mai kusan milimita 59. Idan aka ɗora babban baki a kan ƙaramin ƙwallo zai zauna kamar ya kama, sai an faɗa rami ya yi tsalle ya fice. Sannan ƙarfen jan, a shasi ake ɗaure shi da kusoshi a ramukan da kamfani ya tanada. Wanda aka yi wa walda a jikin bamba, ado ne kawai.

Taya ma ta shiga wannan babi. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar tirela takan ruɓe ne da zama cikin rana tun ba ta cinye ba, tunda ba kullum ake fita da ita ba, don haka kyan zanenta kada ya ruɗi kowa.

Fetur ko gas

Yanzu mun iso inda majalisa ta fi so. Mutane suna tambayar ƙarfin doki, alhali abin da ke tashi da kaya daga tsaye, ya hau tudu da su ba tare da inji ya yi ta kururuwa ba, shi ne ƙarfin murɗawa, wanda ake aunawa da Nm, da kuma a wane juyin inji ake samunsa. Injin fetur 2.7 mai suna 2TR, wanda shi ne ya fi yawa a cikin Hilux ɗin da ke ƙasar nan, yana da ƙarfin doki wajen 164, amma murɗawarsa Nm 245 ce, kuma sai inji ya kai juyi kusan 4,000 a minti yake bayar da ita. Injin gas 2.4 mai turbo, wato 2GD, ƙarfin dokinsa bai wuce 150 ba, amma yana ba da Nm 400 tun daga juyi 1,600. Yayansa 2.8 kuwa, wato 1GD, samfurin 2020 mai giyar otomatik yana kai wa Nm 500. Mai karatu ya ga ke nan wanda ya fi ƙarancin doki shi ya fi jan kaya nesa ba kusa ba. Shi ya sa a Ostareliya aka rubuta wa mai fetur 2.7 kilo 2,500, aka rubuta wa mai gas 2.8 da ogzilari kilo 3,500.

Akwai kuma batun tudu. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau sama, saboda iska tana raguwa. Jos tana kan tsayin mita 1,200 da wani abu, ke nan motar fetur da ta taso daga Legas, a bakin teku, ta rasa fiye da kashi goma na ƙarfinta daidai inda ake buƙatarsa. Mai turbo yana cusa wa kansa iska, asararsa kaɗan ce.

Ta fuskar kuɗin mai, lissafin ya canja a gaban idonmu. A 2022 litar gas ta kai wajen naira 800 alhali fetur na ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati, don haka a lokacin duk mai hankali fetur zai bi. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, farashinsa ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa Oktoban 2024 ya taɓa naira dubu. Tazarar ta tsuke. Tunda injin gas yakan sha mai ƙasa da na fetur da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma bambancin yana ƙaruwa idan akwai kaya a baya, mai doguwar tafiya kowane mako yana da hujjar komawa gas. Wanda kuma ke tunanin mayar da injin fetur ya koma shan iskar gas ta CNG, ya tuna cewa tukunyar tana da nauyi, tana cin fili a bayan mota, ƙarfin inji kuma yana ɗan raguwa, sannan ya fara ƙirga wuraren shan ta a kan hanyar da yake bi.

To amma kada masu goyon bayan gas su yi saurin tafi, domin akwai inda nasu ke da rauni, kuma raunin babba ne. Injin gas na zamani yana fesa mai ne da matsin da ya ninka iskar cikin taya sau ɗaruruwa, ta wasu ƙofofi sirara ƙwarai. Ɗigon ruwa ko datti kaɗan ya isa ya kashe injekta da famfo, kuma kuɗin saiti ɗaya yana iya cinye ribar kaka guda. Mu da ke zaune a kudu mun san gas ɗin da ake dafawa a daji a yankin Neja Delta, da wanda ake gaurayawa da kananzir, da na jarka a bakin titi. Sannan motocin gas da aka ƙera don Turai suna zuwa da matatar hayaƙi a salansa, wasu har da tankin wani ruwa mai suna AdBlue, waɗanda aka tsara don gas mai tsabta ƙwarai, da sun toshe sai kwamfutar mota ta rage wa inji ƙarfi a tsakiyar hanya. Injin fetur 2TR kuwa, kusan kowane gari tsakanin Ogbomosho da Kontagora akwai makaniken da ya san shi, kayansa kuma suna nan a Ladipo da Nkpor da Agodi har da kasuwannin gida. Tsohon injin gas 5L marar turbo shi ma yana da wannan haƙurin, sai dai murɗawarsa ba ta kai Nm 200 ba, don haka na ɗaukar kaya a hankali ne, ba na jan tirela mai nauyi ba.

Saboda haka ga yadda ni na raba abin. In tirela da kayanta ba su wuce tan ɗaya da rabi ba, tafiyar kuma ta cikin gari ce ko tsakanin Legas da Ibadan da Shagamu, mai fetur 2.7 ta wadatar, kuma ita ce mai kwanciyar hankali. In nauyin ya kama daga tan biyu zuwa kusan uku, ko kuma ana haurawa arewa a kai a kai, a nemi gas mai turbo, da sharaɗi uku: a samu wadda aka ƙera don kasuwar Afirka ko ƙasashen Larabawa, a sha mai a gidan mai sananne kaɗai, a kuma riƙa canja filtar mai kafin lokacinta. In kuwa nauyin ya haura tan uku, to maganar a-kori-kura ta ƙare, a je a nemi Canter ko Dyna, waɗanda don ɗaukar kaya aka yi su, babu ƙwallo, babu lilo, babu wahalar komawa da baya a cikin kasuwa.

Game da giya, manuwal ta fi sauƙin gyara a wurinmu, amma cunkoson Legas da tirela a baya yana cin kuloci kamar gara. Otomatik ta fi sauƙin tashi da kaya, sai dai maƙiyinta zafi ne, don haka sai an tabbatar tana da ƙaramin lagireton sanyaya man giya, ana kuma canja man a kan kari. Ogzilari yana da amfani ga mai shiga gona ko kara da damina, amma a sani yana taimakawa ne wajen tashi, ba ya ƙara komai wajen tsayawa.

Manyan motocin Amurka

Ba na musun ƙarfinsu. Tundra mai injin 5.7, wadda aka yi daga 2007 zuwa 2021, tana da ƙarfin doki 381, kuma wadda aka shirya don ja tana kai wa fam 10,000. A lura, fam ne ba kilo ba, wato kimanin kilo 4,500, domin na ji masu cewa tan goma take ja. Tana da tsawo da nauyi, abin da ke sa tirela ta kasa juya ta, wannan alheri ne. Ga mai jan dawaki zuwa wasan folo, wanda maigidansa ke biyan kuɗin mai, zaɓi ne mai kyau. Amma ɗan kasuwar da ke ƙirga riba a kan kowane buhu, ya sani cewa fetur ɗin da za ta sha daga Legas zuwa Kano da kaya a baya zai iya haɗiye abin da ya gudu daga biya na haya. Sannan da yawa daga cikinsu daga gwanjon motocin haɗari da na ambaliya ake sayo su, a gyara fuska a yi fenti. Motar da shasinta ya taɓa lanƙwashewa ba ta jan tirela a miƙe. Akwai kuma tsatsa: a 2016 kamfanin Toyota ya amince da wata yarjejeniya a kotun Amurka ta kimanin dala biliyan 3.4 kan tsatsar shasi a Tacoma na 2005 zuwa 2010 da Tundra na 2007 da 2008, saboda gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Duk mai sayen irin waɗannan ya sa a ɗaga ta, ya shiga ƙarƙashi da guduma da tocila, ya kuma sa a bincika masa tarihinta da lambar shasi mai harufa 17. Haka nan a guji wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, ko da an yi araha, domin araha ba ta ado.

Abin da ya fi kuɗi

Wani zai ce, Malam, duk wannan dogon lissafi a kan 'yar tirela? To ga dalilin da ya sa na damu. Mu baƙi ne a inda muke, ko da kuwa a nan aka haifi kakanninmu, kamar mutanen Sabon Ibadan da ke nan tun 1916. Haɗarin da ɗan gari zai yi a kira shi tsautsayi, idan namu ne ya yi sai a kira shi da sunan ƙabila. Rikicin Mile 12 na watan Maris 2016, rahotanni sun nuna daga haɗarin ɗan acaɓa ya faro. Na Shasha a Fabrairun 2021, daga kayan da suka zube a gaban shago aka fara cacar baki, aka wayi gari an rasa rayuka, kasuwa ta ƙone, Hausawa da Yarabawa duk suka tafka asara. Yanzu mai karatu ya ƙaddara tirela marar birki ta ɓalle a gangare ta shiga cikin masu talla. Mai motar ba shi kaɗai zai biya ba, mai shayi da mai wankin takalmi da mai tura baro da ba su san hawa ba su san sauka ba, su ne za su kwana a barikin 'yan sanda suna neman mafaka. Ran wanda aka take kuwa, ko wane yare yake ji, amana ce da za a tambaye mu.

Don haka takardu ma su cika. Inshorar kare wanda aka yi wa ɓarna, wadda ta koma naira 15,000 ga motar gida daga Janairun 2023, ta motar kaya kuma ta ɗara haka, a yanke ta gaske a kamfani mai rajista, a kuma gaya musu cewa ana jan tirela. A je ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra a tabbatar ajin lasisin direba ya halatta masa ja. Gudun da dokar hanya ta ƙayyade wa manyan tireloli da tankoki a babban titi kilomita 60 ne a awa, kuma ni a ganina mai ƙaramar tirela ma bai kamata ya ɗara hakan da yawa ba. In tirela ta fara lilo, kada a take birki da ƙarfi, kada a yi kokawa da sitiyari, a ɗage ƙafa daga totur a riƙe mota a miƙe har ta lafa.

Ina kuma kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwanninmu, yadda ake da sarkin pawa da shugaban 'yan kamasho, a samu mutum biyu ko uku masu sanin mota da za su riƙa duba duk tirelar da za ta tashi daga kara ko kasuwa: birki, sarƙa, fitila, taya, da yadda aka jera kaya. Ba sai an jira gwamnati ba. Wanda kuma lissafi ya nuna masa cewa sau uku ko huɗu kawai yake buƙatar ja a shekara, to ya ci gaba da haya, ya bar jarinsa yana juyawa a cikin kaya, babu abin kunya a ciki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya sa albarka a nemanmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya kuma mayar da kowa gida cikin rufin asiri. Wanda ke da wata gogewa a kan wannan, musamman direbobinmu da makanikai, ƙofa a buɗe take, a ƙaru da juna.